Ranar da Aka Ce Inna Ta Faɗi Sunana

Jikana ne ya tono mini wannan zance, shi da wayarsa da ba ta barin tafin hannunsa sai ka ce da ita aka haife shi. Ya zo ya zauna a bakin tabarmata yana nuna mini wani wasan kwaikwayo, wai yara ne aka rufe a cikin jirgin ƙarfe can tsakanin taurari, saboda iyayensu suna yaƙi da mutanen wata duniya, ba halin su leƙa waje. Yana kallo yana girgiza kai, shi a dole mai tausayi. Na ce masa, "Kai dai ka ji daɗinka. Sai an kai yaro sama kafin a tsare shi? Ni a ƙasa aka yi mini nawa, kuma ba ƙarfe aka sa ba, ƙaya ce kawai da kara." Ya tuntsire da dariya ya ce Hajiya ta fara. To, na fara ɗin. Shi ya tashi ya kama gabansa, ni kuwa tun ranar abin ya ƙi sakina.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu ne, a ƙasar Doguwa, kuma tsakaninmu da rugar Fulani ba komai sai rafi. Yau an ɗora gada a wurin, babura na ta zirga-zirga a kai, yaran yanzu ba su ma san akwai mashigi a ƙarƙashinta ba. A zamaninmu kuwa mashigin nan shi ne ƙofar duniya. Ta nan ake bi a je itace, ta nan ake zuwa tsintar kaɗanya da ɗinya, ta nan ake kama hanyar kasuwa. Da asuba kafin ka buɗe ido kunnenka ya riga ya gaya maka gari ya waye lafiya: luguden taɓarya daga gida zuwa gida, carar zakaru, sai kukan maruƙa daga ƙetare suna neman iyayensu. In hantsi ya ɗaga sai ka hango matan ruga sun jero a mashigi, ƙorai a ka, zannuwa a tattare zuwa gwiwa. Ba sa tallar nono da ihu, kowace ta san gidan da za ta shiga. Yanzu a leda ake ƙulla nono, ka saya ba ka san saniyar ba, ba ka san mai tatsar ba, ka sha ka yar da ledar a kwata.

Ɗaya daga cikin matan nan ita ce Inna. Mahaifiyata ta rasu a wajen haihuwata, ko ganina ba ta yi ba. Gwaggo, yayar babana, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan mijinta ya rasu, ita ta naɗe ni a zani ta rasa inda za ta nufa da ni, ina ta tsala kuka. Sai aka ce mata ai akwai wata yarinya a ruga da ɗanta na fari ya koma kwanan nan, nono na ta zuba tana kuka. Gwaggo ta tsallaka rafi ta ajiye ni a cinyarta. A bukkar Inna na yi rarrafe, a can na yi tafiya, sai da aka yaye ni aka maido ni gidan babana. Don haka ni uwa ɗaya na sani a duniya, kuma Bafulatana ce.

Abin da ya biyo baya shi ne, tunda na maye gurbin ɗan da ya koma, sai na zama 'yar fari a wurinta, da duk kunyar da ke tattare da hakan. Mu Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma in ana maganar ta Fulani, tamu wasan yara ce. Inna ba ta kallona a gaban mutane, ba ta yi mini dariya, ba ta taɓa kama sunana ba. In ta shigo gidanmu ta auna wa Gwaggo nono, sai ta ƙara ludayi guda ta kau da kai ta ce, "A ba waccan." Waccan, shi ne sunana a bakinta. Bayana ta haifi maza, su kuwa tun daga tsallake kana jin tana ƙwala musu kira, "Buba! Kai Buba!" har duwatsu su amsa. Ni ina jin haushin Buban nan ba kaɗan ba, yaro da majina har baki amma ana kiran sunansa duniya na ji. Na taɓa kai ƙara wurin Gwaggo, ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Wanda ake so shi ake ɓoyewa. Kin taɓa ganin an shanya zinariya a kan danga?" Ban gamsu ba. Rabon da nake samu a wurin Inna shi ne ranar kitso. Sai ta jira maza sun kora shanu, ruga ta yi tsit, ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta, ina ba ta baya. Ta tsefe, ta shafa man shanu, ta kama kitso tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Na fi sanin hannuwanta da gwiwoyinta fiye da fuskarta.

A lokacin ba mu san manomi da makiyayi abokan gaba ba ne. In an gama girbi babana da kansa yake buɗe shingen gonarsa, shanun su Inna su kwana a ciki su ci kara su bar taki, ya bi su da damin dawa. Sai gyaɗa ta yi daraja. Kowa ya ga maƙwabcinsa ya sayi keke ko ya ɗinka sabuwar riga sai ya ƙara kunyoyi a gonarsa, yau a ci taku ɗaya na burtali, gobe a ci biyu, har hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa ta koma kamar tsagar kitso. Tsofaffi suna cewa, "Ku bar wa saniya hanya, ita ba ta da fiffike." Wa zai ji? Ranar da abin zai faru shanu suka faɗa gyaɗar wani mutum. Samari suka sare wa wata karsana agara. Makiyaya suka tare ƙanin Tanko, sarkin samarinmu, a daji, suka yi masa dukan da hannunsa bai ƙara moruwa ba. Ba a jima ba wani rumbu ya kama da wuta a bayan gari, har yau ba wanda ya san mai kunnawa, amma kowa ya rantse ya sani. Aka kai magana gaban alƙali, aka yi ta je ka dawo.

Daga nan aka taru a ƙofar gidan mai gari aka ɗaure magana. Ba mai tsallaka rafi, ba Bafulatanin da zai tsallako. Ba sayen nono, ba buɗe shinge. Duk gidan da ya karya, ba mai zuwa masa gayya, ba mai zuwa sunansa, in ya yi mutuwa ya ɗauki gawarsa shi kaɗai. Aka sassaro ƙaya aka kewaye gari, aka bar ƙofa ɗaya samari na gadi da kwari da baka. Manya ne suka yi faɗansu, amma mu yara aka ɗaure. Aka hana mu zuwa itace, muka koma ƙona kara da kashin jaki. Kaɗanya ta nuna ta zube a daji, muna jin ƙanshinta in iska ta juyo, birai suka ci rabonmu. Gaɗa ta mutu a dandali, don an ce kada a yi hayaniyar da za ta hana jin motsin abokan gaba. Wasan yara maza ya koma na faɗa zalla, a raba gari biyu, kuma ba mai yarda ya zama Bafulatani sai an matsa wa ƙarami. Fura kuwa da ruwan tsamiya muke dama ta, mu sha muna yamutsa fuska, tsofaffin da suka ɗaure maganar su ma suna sha suna tsaki. Garin da nake gani da faɗi sai ga shi ka fita daga zaurenmu, ka wuce masallaci, ka wuce rijiya, ka ci karo da ƙaya. Damina ta wuce a haka, kaka ta zo ta wuce, wata daminar ta sake samunmu a ciki.

Ni abin ya fi ci, don kowa abokan gabarsa ne a tsallake, ni kuwa uwata ce. Yara suka fara kirana 'yar nagge, in na zo wucewa su yi kukan saniya. Wannan bai dame ni ba, ina da baki, kuma ina da hannu. Abin da ya dame ni shi ne kaina. Kitson da Inna ta yi mini na ƙarshe na ƙi yarda a tsefe, har ya tsufa ya cukurkuɗe. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi zagi, ta kira makitsiya har gida, na haye kan rumbu na ƙi saukowa. A kan rumbun nan na gano ana hango bukkokin ruga, kuma in iska ta yi daidai ana jin muryoyi. Sai ya zama kullum da yamma ina can a sama, ina jiran in ji "Kai Buba!" In na ji, na san tana da rai, in sauko in ci tuwo. In ban ji ba, ranar ko an sa mini nama a miya ba ya wucewa.

Wata rana na tari babana yana gyara ƙotar fartanya a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar ni in je in gaishe da Inna, ko daga bakin ruwa ne." Bai ɗago ba. Mutum ne mai sanyi, bai sari saniyar kowa ba, bai ci burtali ba, amma yana wurin da aka ɗaure magana kuma bai ce a'a ba. Ya ce, "Uwata, in na bar ki kika je, ranar da na mutu ke za ki haƙa mini kabari?" Na ce, "To Baba, yaushe za a daina?" Ya ce, "Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ki yi haƙuri." Na tashi na bar shi. Sai daga baya na gane shi ma a tsare yake kamar ni, ƙayarsa ce kawai ba a gani. Gonarsa ta shekara ba taki, dawar da ya girbe ko rabin rumbu ba ta kai ba.

Bayan kaka ta biyu rijiyar gari ta ja baya, dole aka yarda mata su riƙa zuwa rafi ɗibar ruwa da safe, a ayari ɗaya, samari na gaba da baya. A nan muka ji labari cewa Fulani sun gaji, Arɗo ya ce a tashi, za su yi kudu bayan duwatsu, kuma ba irin tafiyar rani ba ce da ake dawowa. Safiyar da za su tashi muna bakin ruwa da tulunanmu, Gwaggo na gefena. A tsallake shanu na ta wucewa, an ɗaure tabarmi da ƙorai a bayan bijimai, maza na tafe da sanduna a kafaɗa ba mai kallonmu. Sai wata mace ta ware daga cikinsu ta gangaro. Tun kafin a ga fuskarta na san tafiyarta. Ta shigo ruwa har idon sawu, da 'yar ƙwarya a hannu, ta yi sallama.

Tanko ya sha gabanta da gora. Wannan Tankon, lokacin yana yaro, ba irin gyaran nonon da bai sha ba a hannunta. Ya ce, "Ke Bafulatana, koma. Kin san doka."

Ta ce, "Sarkin samari, ba faɗa na zo ba. Tafiya za mu yi. Ina da 'ya a cikinku."

Ya waiwayo ya dube mu, ya dube ta, sai ya yi wani murmushi da ban taɓa mantawa ba. Ya ce, "'Ya gare ki a garinmu? To ai ba a hana ɗa amsa kiran uwarsa. Ga 'yan mata nan da yawa. Kira sunanta, ni da kaina zan ba ta hanya ta zo ku yi sallama."

Har masu cika tulu suka tsaya. Babu wanda bai san abin da ya yi ba. Ya san ba za ta iya ba, ga taron mata, ga samari, ga surukanta maza suna wucewa a bayanta kunnuwansu a buɗe. Na yunƙura zan ruga, Gwaggo ta damƙe mini wuyan hannu, ta ce a kunnena, "Ki tuna da ubanki." Sai na buɗe baki na yi abin da 'yar fari ba ta yi. Na ce, "Inna, ga ni! Inna, ki faɗa mana! Sau ɗaya kawai, Inna!" Wallahi a lokacin ban san wanne na fi so ba, in tsallaka in faɗa jikinta, ko in ji sunan nan ya fito daga bakinta. Na ga leɓenta ya motsa. Idonta na kan ruwa, bai taso ba. Ta daɗe a haka, shanu na wucewa, ni ina ta roƙo har muryata ta dushe.

Can ta sunkuya ta ɗora 'yar ƙwaryar a kan wani dutse a tsakiyar mashigi. Ta ce, "Gwaggo, a ba waccan. Man shanu ne. A tsefe mata kan nan, ya lalace." Ashe duk kau da kan nan ta gan ni sarai. Ta juya ta hau gangare, ta shiga cikin ayari, ba ta waiwayo ba. Tanko ya tsaya da gorarsa kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Da Gwaggo ta shiga ruwa ta ɗauko ƙwaryar, sai ya kau da kai ya shiga yi wa yaransa faɗan da ba dalili.

Fulani suka tafi, aka janye ƙaya aka dafa tuwo da ita, aka ce an ci nasara. Na ga nasarar kuwa: gonaki suka rame, gari ya kwana ya tashi ba kukan maraƙi, kuma duk wanda muka yi ƙuruciya tare a cikin shingen nan, har ya tsufa in ya ga baƙo sai ya fara duban hannunsa kafin fuskarsa. Ni kuma na riƙe Inna a zuciya shekara da shekaru. Ina cewa wace irin kunya ce ta fi 'ya? Kalma ɗaya ce fa. Aka yi mini aure a Tudun Wada, na haifi nawa ɗan farin, na ga yadda harshe ke nauyi a kansa, na rage fushi amma ban daina ba. Yaran yanzu uwa ta kira ɗan fari da sunansa tsirara a tsakiyar kasuwa, har ta rungume shi a ɗauki hoto. Da ina tsaki in na gani. Yanzu kuwa ba na cewa komai, don ban san wa ya fi wani gaskiya ba.

Sai da furfura ta fara fito mini na je wata gaisuwar mutuwa a Doguwa, na biya kasuwa in sayi nono. Ina tsugune gaban wata Bafulatana tana auna mini, sai wata daga gefe ta ƙwala kiran sunana. Na waiwaya, mai nonon ma ta waiwaya, ta amsa. Muka dubi juna muka yi dariya. Na ce, "Ashe takwara ce. Amma wannan suna ban taɓa jin sa a ruga ba." Ta ce, "Haka kowa ke faɗa. Innata ce ta nace a sa mini. Wai sunan wata 'yar Hausawa ce da ta shayar a wani ƙauye nan gindin dutse, kafin su yi kudu a haife ni."

Na zauna a ƙasa daɓas. Na tambaye ta ko tana da wa mai suna Buba, ta ce yana nan da jikokinsa. Na tambayi Inna, ta ce ta daɗe da rasuwa. Ta ajiye ludayi tana kallona, ta gane ko ni wace ce, sai ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Adda, yayata, ni kam na sha wahalar sunan nan naki. Ko ba ta da aike sai ta ƙwala mini kira. In taso da gudu in ce ga ni, ta dube ni ta ce ba komai, je ki. A wuni sai ta yi haka ba adadi. Har ciwon ajalinta ba ta bari ba."

Na ce, "Yaya take faɗarsa?"

Ta gyara murya, ta ɗaga kai kamar mai kiran wani a tsallaken ruwa, ta kira sunan, ta ja ƙarshensa yadda matan ruga ke ja. A tsakiyar kasuwa, mutane na wucewa, ni da jikoki a gida, sai na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna."